Daga Buhu Zuwa Kilo: Salsalar Awo, Tantancewa da Takardar Shaida a Kasuwar Albasar Tsarnawa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yunƙurin da ake yi na maye gurbin buhu da sikeli a cinikin albasa a Tsarnawa da kewayenta. Ta nuna cewa sikeli ba ya raba gardama sai an san da wane dutse aka gwada shi, wa ya gwada dutsen, wa kuma ya shaidi ƙwarewar mai gwajin. Ta rarrabe abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa: hatimin hukuma, gwajin daidaito da tantance ɗakin gwaji. Ra'ayinta shi ne, Nijar ta samu gaɓoɓin sama na wannan salsala, gaɓar ƙarshe ce, tsakanin Yamai da bakin kasuwa, ke buƙatar aiki.

Gabatarwa



Tsarnawa gari ne na mararraba. A nan hanyar Tawa, wadda ta ratsa Badagishiri a gundumar Illela, ta haɗu da babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. Birnin Ƙonni na yamma da ita kaɗan, daga can kuma ƴan kilomitoci ne zuwa Illelar Najeriya da hanyar Sakkwato. Ta gabas akwai Malbaza mai masana'antar siminti, sai Galmi wadda jar albasar nan ta ɗauki sunanta. Albasar da Nijar ke nomawa a shekara ta haura tan miliyan ɗaya, jihar Tawa ce ke kan gaba, kuma daga irin wannan mararraba manyan motoci ke kwasarta zuwa Kumasi, Akra, Abijan, Lome da Kwatano. Shi ya sa shirin PRODEX, da tallafin Bankin Duniya, ya sa Tsarnawa cikin garuruwan da aka yi wa cibiyar cinikin albasa.

Duk wannan dukiya da buhu ake auna ta. Mu duba yadda ake cika shi. Mai ɗurawa zai zuba albasa, ya ɗaga buhun ya girgiza, ya ƙara, ya danna da tafin hannu har gefe ya yi tsauri. In ya kai baki ba a ɗinke shi a nan. Sai a yi tsiri a sama, a kawo wani yanki na buhu a lulluɓe tsirin, a bi da basilla da igiya a haɗe. Manomi na tsaye yana kallo, kuɗin buhu ɗaya zai karɓa, ko tsirin ya kai kamu ɗaya ko biyu. Buhun da ake ce wa na kilo 100 yana iya zarce haka nesa, kuma babu wanda zai rantse da nauyinsa, har shi mai sayen.

Kada mu yi wa ɗan kasuwa rashin adalci. Albasa kayan ruwa ce, tana ramewa a rudu, tana ruɓewa a hanya, kuma shi ke ɗaukar asarar kwanakin da mota za ta yi a kan iyaka. Tsirin nan wani ɓangarensa inshora ce. Laifinsa ɗaya: ba a faɗin girmansa, saboda haka ba a yin ciniki a kansa. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin manoma, da ƙungiyar ANFO ta masu sana'ar albasa, suka daɗe suna maganar daidaita buhu da sayarwa a kan kilo. Ina goyon bayansu. Sai dai ranar da aka girke sikeli a tsakar kasuwa, gardama za ta tashi daga bakin buhu ta koma kan allon lamba, kuma wannan gardamar ta fi wuyar rabawa, domin manomi yana ganin tsiri da idonsa amma ba ya ganin cikin na'ura.

Salsalar awo

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu a tambayi asalin ma'auni. Sura guda ta Alƙur'ani, Muɗaffifina, an yi mata suna da masu tauye awo, kuma duba mudu da sikeli na cikin ayyukan muhtasibi a tsarin hisba. A Maroko, zamanin daular Banu Marin a ƙarni na 14, ana ƙera mudun zakkar fid-da-kai da tagulla, a zana a jikinsa cewa an daidaita shi da mudun wane, shi kuma da na wane, har a kai ga mudun Zaidu ɗan Sabitu. Isnadi ke nan aka yi wa mudu kamar yadda ake yi wa hadisi. Abin da masana awo na yau ke nufi da salsala bai wuce wannan ba, illa sun ƙara sharaɗi biyu: kowace gaɓa a rubuce take, kuma kowace gaɓa tana faɗin gejin shakkarta da lamba.

Tushen salsalar zamani yarjejeniyar mita ce da ƙasashe 17 suka sa wa hannu a Paris ranar 20 ga Mayu 1875, wadda ta haifar da ofishin awo na duniya, BIPM, a Sèvres. Daga 1889 har tsawon shekara 130, kilo na nufin nauyin wani ɗan curin ƙarfe da ke ajiye a can. A Nuwamba 2018 aka kaɗa ƙuri'ar sauya wannan, daga 20 ga Mayu 2019 kuma aka ɗora kilo a kan wata tabbatacciyar lamba ta kimiyya mai sunan Planck. Ga mai sayar da albasa babu abin da ya canza. Kilonsa na nan yadda yake, kuma har yanzu ta hanyar duwatsun awo yake iso masa, daga hannu zuwa hannu.

Duwatsun nan aji-aji ne, bisa ƙa'idar R 111 ta ƙungiyar OIML mai kula da awon doka, wadda aka kafa a 1955. Dutsen kilo 1 na ajin E2 ba a yarda kuskurensa ya wuce miligiram 1.6 ba. Na ajin F1 miligiram 5 ne, na ajin M1 kuwa miligiram 50. Da na sama ake gwada na ƙasa. E2 na zaune a ɗaki mai sanyi, ba a taɓa shi da hannu sai da hantsaki ko safar hannu. M1 shi ne na fita aiki, baƙin ƙarfe mai mariƙi, wanda ake ɗorawa a kan sikelin kasuwa. Na kilo 20 a wannan aji giram 1 kacal aka yafe masa. Ƙa'ida ita ce kuskuren dutse kada ya haura kashi ɗaya cikin uku na kuskuren da aka yafe wa sikelin da za a gwada da shi. Saboda haka buhun siminti da aka rubuta wa kilo 50, wanda wasu ke ɗorawa su ce sun gwada sikeli, yana iya nuna babbar ɓaraka, amma ba ya cikin salsala, don ba wanda ya san nauyin wannan buhun takamaimai.

Akwai wani dalili da ya sa dole a yi gwaji a inda sikeli ke aiki, kuma ba a cika ambatonsa ba. Sikelin lantarki da na sifirin ƙarfin jan ƙasa suke ji, jan ƙasa kuwa ya fi rauni kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Tsarnawa na wajen digiri 14 arewa, Paris na kusan 49. Bambancin jan ƙasa tsakaninsu ya kai kimanin kashi 0.27 cikin ɗari. Sikelin da aka saita a Faransa aka kawo nan ba tare da sake saiti ba zai rage wa kowane kilo 100 wajen giram 270. A ɗauki sikelin kasuwa mai ɗaukar kilo 300, mai tafiya giram 100-100. A ƙa'idar R 76 ta OIML, kuskuren da aka yafe masa a kan kilo 100 giram 100 ne ranar bincike, giram 200 yana cikin aiki. Ke nan sabo fil daga kwali, da takardar masana'anta a liƙe, yana iya zama ya fita daga doka, kuma a wannan karon mai sayarwa ne ke cutuwa. Tsohon sikeli mai sanda da dutse wannan matsala ba ta shafe shi ba, don nauyi yake kwatantawa da nauyi. Sai a ƙara da zafin Afrilu, ƙurar hunturu da ke shiga ƙarƙashin faranti, batir mai rauni, da ƴan dako da ke jefa buhu a kai daga kafaɗa.

Abu uku da ake cakuɗawa

Na farko binciken hukuma. Jami'in awo ya zo da duwatsunsa, ya ɗora, ya ga ko sikeli na cikin gejin doka. In ya ci, a manna masa alama a ɗaure wurin saiti da hatimi. In ya faɗi, a hana aiki da shi. Amsar iri biyu ce kawai, ya ci ko bai ci ba. A Nijar wannan aiki na hannun hukumar ANMC mai kula da ƙa'idoji, awo da shaidar inganci. A Najeriya sashen awo da ma'aunai na ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya ke yi, hukumar SON kuma na da cibiyar awo ta ƙasa a Enugu.

Na biyu gwajin daidaito. Shi ba ya yanke hukunci. Yana cewa ne: na ɗora kilo 50 ya nuna kaza, na ɗora 100 ya nuna kaza, shakkata a kan kowanne kaza ce. Mai kayan ne zai duba ya ga ko hakan ya ishe shi. Kuma gwaji daban, saiti daban. Mai gyaran da ya buɗe sikeli ya murɗa har lamba ta zauna ya yi saiti ne. In bai rubuta abin da sikelin ke nunawa kafin ya taɓa shi ba, ya shafe shaidar duk cinikin da aka yi da shi a baya.

Na uku tantancewa, wadda ba ta shafi sikeli kai tsaye ba. Ɗakin gwajin ake bincika: ma'aikatansa, duwatsunsa, hanyar aikinsa, lissafin shakkarsa, da ko sakamakonsa na dacewa da na takwarorinsa idan aka zagaya musu da dutse ɗaya. Ma'aunin wannan bincike shi ne ISO/IEC 17025, bugun 2017. A da, ɗakin gwaji a yankinmu sai ya nemi COFRAC ta Faransa ko TUNAC ta Tunisiya, ya biya kuɗin jirgi da masaukin masu bincike. Yanzu akwai SOAC mai mazauni a Abijan, wadda ke yi wa ƙasashe 8 na UEMOA aiki, har da Nijar. Najeriya na da NiNAS. Su ma masu tantancewar takwarorinsu na bincikarsu a ƙarƙashin AFRAC a Afirka da kuma yarjejeniyar duniya da ƙungiyar ILAC ta ƙulla a shekarar 2000, wadda manufarta ita ce takardar da aka bayar a ƙasa ɗaya ta karɓu a wata. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairu 2025 ba ta rufe wannan ƙofa ba, tunda ƙasar na cikin UEMOA.

Yadda ake karanta takarda

A nan nake so in ɗan daɗe, domin a nan ake cin kasuwar jahilci. Takarda mai tambari da zanen zinariya a gefe tana da kwarjini, musamman in da Faransanci take kuma wanda aka miƙa wa bai yi lakwal ba. Shugaban ƙungiyar manoma zai karɓa, ya sa a firem, ya rataye a bango. Ba wanda zai sake karanta ta.

Abin da za a fara dubawa lambar jikin sikeli ce. A juya shi, a karanta lambar da ke kan ɗan farantin ƙarfen da ke bayansa, a gwama da ta takarda. In sun saɓa, takardar ta wani sikeli ce, magana ta ƙare. Sai ranar gwaji da wurin da aka yi shi. Takardar da ta ce an gwada sikelin Tsarnawa a wani shago a Yamai, sannan aka ɗoro shi a bayan mota fiye da kilomita 400, ta faɗi halin da yake ciki kafin tafiya ne. Sai jadawalin sakamako. Dole a ga nauyin da aka ɗora, abin da ya nuna, da bambancin, a matakai daga ƙasa zuwa kusa da iyakarsa, har da gwajin kusurwa huɗu na faranti, domin sikeli na iya yin daidai a tsakiya ya yi ƙarya a gefe, kuma ɗan dako ba ya neman tsakiya. Kusa da kowane sakamako a ga gejin shakka, galibi an ninka shi biyu don ya ba da tabbaci na kusan kashi 95 cikin ɗari. Takardar da ta ce "yana da kyau" kawai, ba lamba, ra'ayi ce. Daga nan a nemi layin da ya ambaci duwatsun da aka yi aiki da su da lambar tasu takardar. Wannan layin shi ne ke haɗa Tsarnawa da sauran duniya, shi ne kuma aka fi tsallakewa.

Tambarin tantancewa ma yana da tarko biyu. Ɗaya, ana tantance ɗakin gwaji ne a kan fage ƙayyadadde. Wanda aka shaida a kan auna zafi ko gwada sikelin da bai wuce kilo 30 ba, tambarinsa ba ya rufe gadar awon mota. Fagen kowane ɗaki a rubuce yake, kuma mai biyan kuɗi na da haƙƙin a nuna masa. Biyu, shaidar ISO 9001 da wasu kamfanoni ke bugawa a saman takarda shaidar tsarin gudanarwa ce, ba ta cewa komai a kan ƙwarewar awo.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: ƙa'idar 17025 ta hana ɗakin gwaji rubuta ranar da za a sake gwaji, sai in mai kayan ne ya amince. Hikimar ita ce takarda ba ta san irin wahalar da sikeli zai sha ba. Wanda ke ɗakin magani yana iya shekara bai motsa ba. Wanda ke karɓar ɗaruruwan buhuna a yini daga Maris zuwa Mayu yana iya sauka daga layi cikin mako biyu, alhali takardarsa na bango tana sheƙi.

Manyan ma'aunai

Ba albasa kaɗai ake aunawa a wannan yanki ba. Siminti na fita daga Malbaza a buhunan kilo 50. Gidajen mai na jere a bakin hanya, kuma fetur na kumbura da kusan kashi 0.1 cikin ɗari a kan kowane digiri na zafi, shi ya sa cinikin sari ke mayar da lissafi kan digiri 15. Asibitoci, irin na Galmi da ke aiki tun 1950, na dogara da ma'aunin zafi don riƙe allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8. Kowane ɗaya da tasa salsalar.

Wanda ya fi shafar mai albasa shi ne gadar awon mota. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade nauyin da kowane gatarin mota zai ɗauka, kuma wanda ya zarce yana biyan tara. Direban da ya yi lodi da ƙidayar buhu bai san nauyin da ke bayansa ba sai ya hau gada, wataƙila a wata ƙasar. In gadar nan da ta can sun saɓa, babu mai raba su sai takarda mai salsala. Gwada irin wannan gada kuwa aiki ne ja. Ko da an bi sassaucin da R 76 ta yi na cike gurbi da wani kaya, ana buƙatar duwatsu na gaske da suka kai aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na iyakar gadar. Ga mai tan 60, tan 12 ke nan na ƙarfe, da motar ɗaukarsa da na'urar saukewa. Kuɗin kawo su ya fi kuɗin gwajin kansa, kuma wannan ne ainihin abin da ke sa a yi ta ɗage gwaji, ba mugun nufi ba. Maganinsa a haɗa masu gada na Ƙonni, Malbaza da Madawa su yi jadawali ɗaya, mota ta zo sau ɗaya ta zagaye su, a raba kuɗin.

Gaɓar ƙarshe

Ba na cikin masu cewa kowane sikelin kasuwa sai ya samu takardar ɗakin gwaji tantantacce. Kuɗin ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa, kuma dokar da ba a iya bi ƙofar cin hanci take buɗewa. Tantancewa a sa ta inda take da amfani: a kan duwatsu. Cibiyar albasa ta Tsarnawa ta mallaki duwatsu biyar na kilo 20 ajin M1, jimilla kilo 100, daidai nauyin da ake gardama a kai. A ajiye su a akwatin katako mai makulli biyu, ɗaya a hannun wakilin manoma, ɗaya a hannun wakilin ƴan kasuwa. Kada a tokare ƙofa da su, kada a zauna a kai, kada a yi musu fenti don su yi kyau, domin fenti nauyi ne. Kafin kakar albasa a kai su ɗakin gwaji tantantacce, su dawo da takarda mai lamba.

Kowace safiyar kasuwa, kafin buhun farko, a ɗora su a gaban jama'a, a rubuta abin da allo ya nuna a littafi, mutum biyu su sa hannu. Aikin minti goma ne. Ranar da lamba ta fita daga giram 200 sama ko ƙasa, a ajiye sikelin a kira mai gyara, a rubuta abin da ya nuna kafin gyara da bayansa. Wannan ba ya maye gurbin zuwan jami'in ANMC. Yana cike watannin da ke tsakanin zuwansa ne, kuma littafin zai nuna masa tarihin sikelin da hatimi ba ya iya nunawa. Duk wanda ya yi shakka a tsakiyar ciniki yana da damar cewa a ɗauko duwatsu, ba tare da an ɗauke shi mai neman rigima ba.

Takardar duwatsun kuma a yi mata taƙaitaccen bayani da Hausa, boko da ajami, a manna kusa da ta Faransanci: lambar kowane dutse, ranar gwaji, sunan ɗakin gwaji, da kuskuren da aka samu. Albasar Galmi ta riga ta samu rajistar sunan asali a ƙungiyar OAPI mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, kuma mai sayen da ke neman wannan suna a Abijan ko Akra zai tambayi nauyi a rubuce, kuma zai so ya ga wa ya tsaya wa lambar.

Saura kuɗi. Cibiyar na karɓar wani abu a kan kowane buhu da ya fita. A ware kaso ƙayyadadde daga ciki, a rubuce a dokar cibiyar, don sayen duwatsu, kai su gwaji, da ajiye sikeli na biyu da za a ɗauko ranar da na farko ya faɗi. In babu na biyun, ranar da aka tarar da kuskure ga motoci a layi, kowa zai ce a yi haƙuri a ci gaba da aunawa.